Jijiyar gaban cinya da nake kiyayewa a tiyatar ƙugu ta kyamara

A tiyatar ƙugu ta kyamara huda biyu ko uku nake yi, kowace kimanin santimita 1. Ana ɗaure ƙafar majinyaci a gadon ja har gaɓar ta buɗe, in shigar da kyamara ta hudar gefe, kayan aiki ta hudar gaba. Ba na barin jan ya wuce awa 2, don jijiyoyin da ke kai saƙon ji a matsematsi ba sa jure dannewa. Wannan duk mai aikin ya san shi. Wurin da hankalina ya fi tsayawa yanzu shi ne wani ɗan tsinin ƙashi da ke gaban ƙugu, daidai saman bakin gaɓar.

A jikin tsinin nan ne babban kan tsokar rektus femoris yake manne. Cikin tsokoki huɗu na gaban cinya ita kaɗai ce ta tsallake gaɓa biyu: tana ɗaga cinya, tana miƙe gwiwa. Kai biyu gare ta a sama, ɗaya a tsinin, ɗaya ya lanƙwasa ya kama ƙashin da ke saman ƙwaryar gaɓar. 'Yan ƙwallon da tsinin ya taɓa ɓallewa suna samari, yakan warke da tudu, tudun kuma ya riƙa karo da wuyan ƙashin cinya duk lokacin da suka durƙusa. Maganinsa a goge shi da magogi. To, a nan haɗarin yake, domin tazarar da ke tsakanin ƙashin da babu komai a kansa da inda jijiyar da ke ɗaure tsokar a ƙashi ta fara ba ta da yawa, kuma kyamara tana sa abu kaɗan ya zama tafkeke.

Na ga ƙarshen wannan a kan wani ɗan ƙwallo da na goge wa tudun har ya kwanta sumul. Mako na 5 bayan tiyata ya zame a jiƙaƙƙen daɓe, cinya ta koma baya, gwiwa a lanƙwashe. Ya ji ɗas a gaban ƙugu. Da na duba shi, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, yatsana ya faɗa cikin wani ɗan rami ƙasa da tsinin, kuma ya kasa ɗaga ƙafar a miƙe yana kwance. Hoton MRI ya nuna kan jijiyar ya ɓalle ya ja ƙasa. Santsin ya ƙarasa aikin ne kawai. Ni na rage mata wurin kamawa tun a ɗakin tiyata.

Tun daga nan, kafin in taɓa magogi nakan auna tudun a hoton CT, in san iyakar da zan tsaya. Ina farawa daga bakin gaɓa in hau sama a hankali, bayan magogin yana fuskantar jijiyar. Da zarar fararen zarurrukan jijiyar masu sheƙi sun bayyana, na tsaya. Sai a sassauta jan, in lanƙwasa cinyar ta wuce digiri 90, in juya ta ciki ina kallo. In babu karo, aiki ya ƙare, ko da hoton bai yi kyan da nake so ba. Haka wajen yanka jakar da ta lulluɓe gaɓar tsakanin huda biyun, wuƙar ba ta hawa sama, don kan tsokar na biyu yana manne da jakar.

Sauran aikin yana hannun masu gashin ƙashi, shi ya sa nake rubuta musu ɓaro-ɓaro cewa an gogi tsinin. Sanduna na makonnin farko, babu ɗaga ƙafa a miƙe har mako 6, babu jan diddige zuwa ɗuwawu ana kwance rub-da-ciki, sallah a kan kujera, harbin ƙwallo kuwa sai bayan wata 3 aƙalla, in ƙarfin cinyoyin biyu ya zo daidai.

Idan jijiyar ta riga ta tsage, ba kowa ake mayarwa tiyata ba. Tsagewar da ba ta raba jijiyar ba takan warke da hutu, ƙanƙara da atisaye a jere. Wadda ta ɓalle gaba ɗaya ta ja da baya, musamman ga ɗan wasa, ina buɗe gaban ƙugu in ɗinke ta a ƙashi da ƙananan ƙusoshi masu zare, cikin makonnin farko, kafin tsokar ta takure ta ƙi dawowa wurinta.