Abin da na koya a aikin iyali na ikilisiya

Ƙarshen watan nan zan bar aikin iyali na ikilisiyarmu, in koma koyarwa a lakwal. Masu tare ni bayan sujada ina ce musu gajiya ce. Akwai gajiya kam, amma da sauran magana, kuma gara ku ji ta daga bakina.

Duk wanda yake Damagaram ran Juma'a 16 ga Janairun 2015 ba sai an ba shi labari ba. Zanga-zanga kan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa, washegari wutar ta isa Yamai. Wasunmu a barikin soja suka kwana, wasu kuwa maƙwabta Musulmi suka ɓoye su cikin ɗakunansu, alherin da ba za mu manta ba.

Da muka rasa wurin taruwa sai muka koma sujada gida-gida, kuma a nan na san mutanen da na yi shekaru ina gaisawa da su a bakin ƙofa. Matar da ke zama layin gaba da Littafi Mai Tsarki a cinya, ashe ba ta iya karatu ba, ɗanta ne ke bin layin da yatsa yana karanta mata a kan tabarma. Magidancin da muke cewa ya ja da baya, kunyar zuwa hannu wofi lokacin baiko ke hana shi fitowa. Ga matan da mazansu suka tafi Libiya ko Aljeriya, sai saƙon murya ta WhatsApp, wani lokaci shi ma ya ɗauke. Ga samarin da ke kwana a fada, wato majalisar hirarsu ta bakin titi, suna ganinmu suna sauya hanya, amma in a zauren gidansu ne sai su zauna har su yi tambaya. Muka daina sa lokacin addu'a yadda muka ga dama, don a garin nan ranar da pampo ya kawo ruwa babu macen da za ta bar jarkokinta ta zo taro. Muka kafa adashi, mutane suka fara faɗin abin da ke damunsu ba tare da an tambaye su ba.

Sai taimako ya fara zuwa daga ƴan'uwa na waje. Shugaban da nake ƙarƙashinsa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya ce in rubuta rahoton aikin gidajen nan. Na zauna dare da fitila na rubuta. Rahoton ya tafi da sa hannunsa shi kaɗai, wannan ban damu ba sosai. Abin da ya tsaya mini shi ne kuɗin da aka bayar saboda rahoton, da sunan ziyarar iyalai, na ga sun zama katanga da tayil da manyan lasifika. Da ginin ya tsaya kuma, sai ya hana taron gidaje.

A gaban dattawa na ce, "Baba, a bar mana ko da Laraba ɗaya a wata." Ya ce, "Ƴata, ikilisiya ɗaya gare mu, ba goma ba. Mai son Ubangiji ya san hanyar majami'a." Babu dattijon da ya ɗaga kai. Lahadin da ta biyo ya yi wa'azi kan matan da ke yawo gida-gida suna raba kan jama'a. Bai kira suna ba, amma rabin zumuntar mata ni suka waiwayo suna kallo, ƴata tana zaune kusa da ni.

Ban ce katanga ba ta da amfani ba. Wanda ya ga wuta a rufin majami'arsa dole ya so katanga. Amma mutumin nan shi ne mai son karanta mana tarihi, yadda ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka sauka Zinder, wato Damagaram, a 1924, shekara 2 kafin a mai da babban birni Yamai, da yadda cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Bai taɓa tsayawa ya tambayi abin da ya riƙe ƴar ƙaramar jama'ar nan shekara 100 a tsakiyar garin Musulmi ba, bayan kuwa yawancin shekarun nan babu tayil babu lasifika. Uwa ce ta koya wa ɗa addu'ar barci, maƙwabci ya ga halin maƙwabcinsa a wajen suna da jana'iza. Yau ginin ya fi na da kyau nesa, kujerun baya kuwa ku da kanku kuna ganinsu babu kowa a kai.

Na ci gaba da ziyara da kuɗin kabu-kabu daga aljihuna, ba da sunan kowane shiri ba. Aure biyu da ake jiran mutuwarsu suna nan da rai, ɗan da ke bin layi da yatsa kuma yanzu yana jami'ar garin nan. Ban sa su a wani rahoto ba.

Sauran darussan gajeru ne, na wadda za ta gaje ni ne. Kada ki je gidan mutane lokacin ɗora tukunya, za su ba ki abin da ba su da shi. Abin da mace ta faɗa miki a ɗaki kada ya fito a matsayin roƙon addu'a a taro. Matashi ya fi amsa saƙon waya da kiran dattijo. Ki je sunan maƙwabciyarki Musulma ko da ya faɗo ranar koyon waƙa.

Wadda za ta gaje ni, ƙanwata, in an ce ki rubuta rahoto ki rubuta, amma ki ajiye kwafi, ki kuma nemi a nuna miki a takarda nawa aka ware wa ziyara kafin ki ce to. Littafin da nake rubuta halin kowane gida a ciki ba zan bar shi a biro ba. Da kuɗina na saya, asirin mutane ne a ciki. In kina bukatar wani abu, kin san gidana.