Lambar waya ɗaya ta kusa tona min asiri

Shekara huɗu na yi da suna biyu. Na yanka, shi ake kirana da shi a shago da masallacin unguwa, da shi kuma aka kai kuɗin gaisuwa gidan su yarinyar da zan aura. Ɗayan a Facebook yake, ba hoto, sai bayan isha'i yake farkawa. Can kaɗai nake iya faɗa wa masu harka irina cewa zuciyata tana karkata ga maza.

Wasu za su ce na filin ne ƙarya. Ba haka ba ne. Yarinyar nan ina sonta, ba wasan kwaikwayo nake ba. In na riƙe waya kuwa, abin da nake rubutawa shi ma daga zuci yake fitowa. Har yau ban raba gardamar nan ba, na ma daina gwadawa.

Na ɗauka na iya taka-tsantsan. Ba na tura fuska, ba na faɗin unguwa, ko garin ma wani nake ambata. Sai wani da muka shafe wata biyar muna hira ya ce mu koma WhatsApp, wai ya fi sirri. Na ba shi lambata. Ta shago! Wadda ke rubuce a jikin allon ƙofa, wadda kwastomomi suka ajiye da cikakken sunana har da sana'ata. Layin ajiya na nan cikin durowa, ƙiwar sa masa kati kawai ta hana ni.

Kwana uku, ya turo min hoton baikona. Ashe ya zuba lambar a manhajar nan mai nuna sunan da mutane suka ajiye ka da shi, daga nan ya lalubo shafina na gaskiya, ya ga 'yan'uwana, ya ga surukaina. Ya haɗa da hotunan hirarmu kaf, ya ce in ban ba shi kuɗi ba zai tona min asiri. 'Yan kudu suna kiran wannan tarko kito. Na sha jin labari, ina ganin sai marasa wayo yake kamawa.

Naira dubu 180 na tura, kashi uku, daga kuɗin lefe. Ƙara fa? Wurin wa? Tun Janairun 2014 da Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14, ga kuma dokar shari'a a jiharmu, wanda aka cuta ta wannan hanya shi ke tsoron caji ofis, ba macucin ba. Ya san da haka, jarinsa ke nan.

Biyan farko shi ne kuskurena na biyu, don wanda ya ɗanɗana ba ya ƙoshi. Bayan na uku na toshe shi, na rufe shafukan duka biyu, na yi sati biyu ko tuwo ba ya wuce min, ina jiran kiran Baba. Bai zo ba. Wataƙila macucin ya samu wani, Allah ya kuɓutar da shi.

In kana da rayuwa biyu, kada layi ɗaya ya ɗauke su, kuma wata biyar na daɗin baki ba shaida ba ce. Lambar tana nan a allon shagon, ban iya canza ta ba saboda kwastomomi. Duk baƙuwar lambar da ta kira, sai gabana ya faɗi kafin in ce salamu alaikum.