Tabon da ke jikin bes ɗina, rabi mota ce ta yi, rabi ni na yi da hannuna

Ƙannena masu tara kuɗin sayen jita, musamman ku 'yan bes, jitar nan mai kaurin murya, ku zo ku ji abin da ya same ni tun kafin ya same ku. Na kusa shekara ina tari, duk ɗan abin da na samu a sutudiyo ko wajen biki sai in ajiye, har Allah ya sa kuɗi suka kai na yi magana da wani mai shagon kayan kiɗa a Legas ta WhatsApp, ya turo min hotuna, baƙa ce wuluk tana sheƙi, mai tsirkiya huɗu, irin ƙirar Jazz Bass ɗin nan, na tura kuɗi ya sako min ita a mota zuwa Kaduna. Webil dai da kuka sani.

Ranar da direba ya kira ni ko abincin da ke gabana ban ƙarasa ba. Na je tasha, yaron mota ya jawo kwalin daga but a ƙarƙashin wasu buhuna, na ga kusurwa ɗaya ta lotse har ta ɗan yage, zuciyata ta ce duba fa, ɗoki ya ce kai dai ɗauki kayanka ka wuce. Na biya kuɗin webil na sa hannu a littafinsu na haye Keke Napep. Wallahi duk abin da ya biyo baya daga nan ya faro, don daga lokacin da ka sa hannu ka bar tasha, magana ta koma tsakanin bakinka da bakin mai kaya, kuma bakinka ba shaida ba ne.

Da na isa gida wuƙa na sa na farke kwalin ta ko'ina, soso da leda na watsar, yaran gidanmu suka ja kwalin waje suna wasan mota da shi, kafin magariba ma an hura wuta da rabinsa. Ni kuwa ina ɗaki na jona amfilifaya ina ta kaɗawa har maƙwabta suka yi magana. Kwana uku ina wannan shagali, sai ran na uku na fito da ita tsakar gida da hantsi, rana ta haska ta, nan na ga abin da fitilar ɗaki ta ɓoye min. A can ƙasan jikinta kusa da inda ake maƙala igiyar rataya fenti ya ɓantare kamar girman ƙwayar gyaɗa har katako ya fito, sannan ga wata siririyar tsaga kamar gashi a inda wuya ya haɗu da jiki, ga kuma ƙwarzane birjik a kan farar robar da ke gaba. Gabana ya faɗi, na zauna a bakin rijiya kamar an yi min mutuwa.

Na kira mai shago. Tambayarsa ta farko, ina bidiyon buɗe kwali, babu. Ina hoton kwalin a tasha, babu. Ina kwalin ma, na yi shiru. Ya ce to ɗan'uwa kwana uku tana hannunka, ta ina zan san ba a ɗakinka ta faɗi ba? Gaskiya a lokacin ji na yi kamar in shiga cikin wayar in shaƙe shi, amma yanzu idan na sa kaina a matsayinsa tambayar da zan yi kenan nima. Duk da haka mutumin ya ce zai ɗan maido min wani abu daga kuɗin a bar maganar, ni kuma da zafin kai na ce ko sabuwa ko kuɗina cif, na bi shi da saƙon murya kusan guda goma masu zafi, har da cewa zan tona shi a Facebook. Ya daina ɗaukar wayata. Rangwamen da na raina ma ya tafi.

To da a nan na tsaya da da sauƙi. Cikin dare na kalli wani bidiyo na mai gyaran jita yana cike irin wannan rami da sufa gulu, abin ya yi kyau a hannunsa kamar wasa, na ce ai wannan ko ni. Da safe na sayo sufa gulu na kanti na matsa kai tsaye daga bakin robar, ya kwararo ya gangara gefe, na ɗauki tsumma na goge, tsumman ya manne ya bar gashinsa, wurin ya yi fari fat kamar an barbaɗa toka. Don in gyara wannan sai na je wajen kafinta na karɓo samfefa, irin mai kaushin nan da ake goge ƙofa da ita. Tabo mai girman gyaɗa ya koma faɗin tafin hannun yaro, ba sheƙi, duk zane-zane. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma duk wata ƙofar mayar da kaya na rufe ta da hannuna, don babu mai shagon da zai karɓi jitar da aka taɓa da gam.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya daɗe yana kaɗa bes a coci tun kafin a haife ni, Baba muke ce masa, shi na kai wa ita ina neman kuka. Ya juya ta ya kalli aikina ya yi dariya har da tari, ya ce ɗana wa ya aike ka? Abin da ya ba ni mamaki ko minti ɗaya bai ɓata a kan tabon ba. Farce ya sa a kusurwar farar robar ya ɓare wata siririyar leda, ashe duk ƙwarzanen da nake ta baƙin ciki a kansu a jikin ledar kariya suke, ƙasanta sumul. Na ji kunya wallahi.

Daga nan ya koma kan tsagar wuya, nan ne ya nutsu. Ya ce irin waɗannan jitocin wuyansu da sukurori huɗu aka ɗaure shi a jiki, kuma fentin da ke gefen ramin wuyan siriri ne ga tauri, da an ɗan bugi jitar a hanya sai ya dare, abu ne da ake yawan gani kuma galibi iyakarsa fenti. Ya haska tocila ta gefe, ya riƙe jikin da hannu ɗaya ya ɗan motsa wuyan a hankali da ɗayan, tsagar ba ta buɗe ba, wuyan bai yi lilo ba, ya ce wannan ba komai. Inda za ka ji tsoro shi ne idan tsaga tana buɗewa tana rufewa in an motsa, ko ka gan ta a bayan kai wajen makunnan tsirkiya, ko tana bin jijiyar katako a tsawon wuya, saboda tsirkiyoyin bes huɗu in an ɗaure su jan da suke yi wa wuya ya haura kilo 70, dare da rana, to katakon da ya riga ya tsage ba zai daɗe yana ɗaukar wannan ba. Irin wannan ba a ciniki a kai, mayarwa ake yi.

Sai ya ɗaga ta kamar mai saita bindiga ya kalli wuyan daga kai zuwa jiki ya ga ko ya murɗe, ya danne tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe, wato ƙarafan nan da ke jere a kan wuya, ya duba tazarar da ta rage a tsakiya, ya ce kaurin katin waya ko ƙasa da haka ya isa. Ya bi kowane firet ɗaya bayan ɗaya yana sauraron zizar ƙarfe, ya jona kebur ya murɗa makunnan sauti duka ya ji ko suna ƙarar yashi, ya girgiza bakin kebur ɗin. Duka-duka bai kai kwata ɗin awa ba. Abin da ya kamata in yi a ranar farko kenan, ni kuwa na ɓata kwana uku ina burge kaina a madubi.

Saboda haka ni dai abin da nake yi yanzu, ko feda, ɗan akwatin sauya sauti da ake takawa da ƙafa, na saya balle jita, tun kafin a sako kaya nake sa mai shago ya yi min bidiyo yana juya ta gaba da baya da lambar da ke bayan kai, mu kuma yi magana a rubuce kan abin da zai faru idan ta iso da rauni, a rubuce fa ba kiran waya ba. Ina roƙonsa ya cusa soso ta yadda ba za ta yi yawo a cikin kwali ba, musamman wajen kai da gindi. A tasha kafin in taɓa kwali sai na ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare, in ba wani wayata ya riƙe yana ɗauka ba yankewa, in buɗe a gaban direba ko da yana tsaki yana cewa sauri yake. A fito da ita hasken rana, baƙin fenti munafuki ne, a ɗaki ba ya nuna komai. Kwali da soso a ajiye su aƙalla sati biyu. Idan an ga tabo a ɗora kwabo ko biro kusa da shi a ɗauki hoto don a ga girmansa, a tura a ranar, da lafazi mai daɗi, ba zagi. Kuma dan Allah kar a sa mata komai, ko man goge fenti, ko alanki a ƙarfen cikin wuya mai saita miƙewarsa, har sai an gama magana.

In tabon na fenti ne kawai kuma jitar tana daɗin hannu, ni shawarata ku karɓi rangwame ku riƙe abarku. Mayarwa fa hanyar nan dai za ta sake bi a but ɗin nan, wadda za a canza maka ma haka, kuma jita biyu masu suna ɗaya ba lallai su yi daɗi ɗaya ba, katako ne. Kamfanoni da kansu suna sayar da masu ɗan tabo a farashi mai sauƙi. Kai, tun 1995 kamfanin Fender ke ƙera sabbin jitoci yana tsofar da su da gangan, a ƙwarzane su a ɓantare fenti, Relic suke ce musu, mutane na zuba kuɗi masu nauyi suna saya. Jaco Pastorius da duk ɗan bes ke ji da shi, Jazz Bass ɗinsa ƙirar 1962 in ka ga hotonta fentin duk ya ci duniya. Amma kar ku bari wani ya yi muku wayo da wannan zance, kuɗin sabuwa kuka biya, haƙƙinku ne a rage muku.

Idan kuma an gama ciniki kana son cike ramin, abin yana yiwuwa amma ba yadda na yi ba. Yawancin jitoci masu sauƙin kuɗi fentinsu mai tauri ne irin na roba, shi ne ke karɓar sufa gulu, da tsinken sakace ake ɗiga shi kaɗan kaɗan ana bari ya bushe, a kankare tudun da reza wadda aka naɗe gefunanta da salatif, sannan a bi da samfefa mai laushi sosai lamba 1000 zuwa 2000 da ruwa, a goge. Tsofaffi da masu tsada da yawa fentinsu naitiro ne, shi ko ruwan goge jan farce ya taɓa shi narkewa yake yi. Ka fara gwadawa a kan wani abu da ba ka so, ko ka kai wa wanda ya saba.

Abin dariyar shi ne matsalar da ta fi damuna daga baya ba ta da alaƙa da mota ko mai shago. Jita ta taso daga laimar Legas ta shigo hunturun Kaduna, katakon wuya ya bushe ya ɗan tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa haka, sai bakin firet-firet suka leƙo gefe suna karce min hannu, wata rana a wajen biki har jini ya fito a ɗan yatsana. Baba ne ya goge min su da ƙaramar zarto ya ce in riƙa ajiye ta a jakarta nesa da taga in iska ta taso. Tabon nan kuwa yana nan, na taɓa manna masa sitika na cire don ta fi shi muni. Kwanaki wani yaro a sutudiyo ya shafa wurin ya tambaye ni ko gadonta na yi, na ce masa e, ya miƙo min kebur mu fara.