Ƙiba a waje, gara a cikin ƙashi

Ranar da na fara cire wa ɓera jakar ƙwai, a gwajin da muke yi kan ciwon zaizayar ƙashi, hannuna rawa yake yi. Farar mace ce, jinsin Wistar, mai wata 6 da haihuwa, tana kwance cikin maganin barci. Malamina ya ce in tsaga kaɗan ta gefen baya, in nemo wani ɗan abu ja mai kama da ƙwayar dawa, lulluɓe cikin kitse. Na ɗaure jijiya, na yanke, na ɗinke. Daga wannan rana jikinta ya rasa estrojin, sinadarin mata da jakar ƙwai ke samarwa, kamar macen da al'ada ta ɗauke mata, sai dai ita rana ɗaya abin ya same ta.

Akwai wani rukuni da muka yi wa tsaga da ɗinki amma muka bar musu ƙwansu. Da farko na ga kamar wahalar da dabba ce kawai. Daga baya na gane cewa in babu su, ba yadda za a bambance illar rashin sinadarin da illar wuƙa da maganin barci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sikeli. Duk mako muna awo, waɗanda aka cire wa ƙwai suna ta ƙiba, suna cin abinci fiye da sauran, gashinsu sumul. Wanda ya leƙo keji zai rantse su ne masu ƙoshin lafiya. Sai da muka kai ƙarshen gwaji, muka yanka saman ƙashin ƙwauri muka sa a madubin ƙara girma, sannan na ga ɓarnar. Cikin ƙashi a wurin kamar soso yake, sanduna ƙanana sun sarƙe da juna. A na waɗanda aka cire wa ƙwai kuwa sandunan sun sirance, wasu sun katse, kitse ya cika gurbin. Bangon waje yana nan kalau, irin azarar da gara ta cinye ta ciki. Dalili kuwa, a ƙashi kullum akwai ƙwayoyin halitta masu rusau da masu gini, estrojin ne ke riƙe linzamin masu rusau. Da ya tafi sai su fi magina sauri. A ɓera, cikin mako 2 ake fara ganin wannan a ƙwauri, ƙashin baya ne ke ɗaukar lokaci.

Na yi kuskure guda da ya ci mini watanni. Ban binciki abincin da muke saye ba, ashe cike yake da waken soya, wanda ke ɗauke da sinadarai masu kwaikwayon estrojin. Sakamakon gwajin farko ya rikice, dabbobi suka tafi ba tare da amsa ba. Har yau abin yana damuna. Tun daga nan ba na karɓar buhu sai na san abin da aka haɗa a ciki, kuma ina auna mahaifa a ƙarshe, domin in tiyata ta yi, za a same ta ta motse kamar zare.

Ɓera dai ba 'yar Adam ba ce. Ƙashinta ba ya karyewa haka kawai, sai mun ɗora shi a na'ura mun danna har ya ɓalle. Shi ya sa a 1994 hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a gwada maganin zaizayar ƙashi a kan babbar dabba ma bayan ɓera. Amma tun 1941 wani likitan Amurka, Fuller Albright, ya lura cewa yawancin masu wannan ciwo mata ne da al'ada ta ɗauke musu, har da waɗanda aka cire wa ƙwai da wuri.

Da na je gida hutu na zauna da gwaggona, wadda aka cire wa mahaifa da ƙwai tun ba ta kai arba'in ba. Ta yi jiki, kowa na yaba mata. Na ce, “Gwaggo, an taɓa duba miki ƙarfin ƙashi?” Ta dafa bayanta ta ce, “Ɗan nan, ashe ana dubawa?” Washegari da sassafe muka tafi ganin likita.