Zamana a Kiribi da laftof a jaka

Aikin da nake yi ba ya buƙatar ofis, wani kamfanin sayar da kaya ta intanet ne a Legas nake yi wa lissafi da amsa saƙonnin kwastomomi, in dai akwai wuta da netwok ko a ina nake ba ruwansu, shi yasa da zafin Jimeta ya ishe ni kuma wani abokina direban tirela da ke ɗauko kaya daga kudancin Kamaru ya dame ni da labarin Kiribi, wani gari a bakin teku a can, sai nace bari dai in je in zauna can na ɗan lokaci in ga ko zai yiwu. Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne agogon Kamaru da na Najeriya ɗaya ne, ƙarfe tara a Legas ƙarfe tara ce a Kiribi, babu zancen tashi tsakar dare don miting.

Ta ƙasa na bi. Na tsallaka iyaka na shiga Garwa, nan kam ba ka jin ka bar gida don Fulatanci da Hausa sun ishe ka komai, daga nan mota zuwa Gaundare, sai jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Jirgin nan duk wanda zai je kudu ina ba shi shawara ya hau, da magariba ake tashi, ka kwana ana jijjiga ka, a kowace tasha mata da yara na bin tagogi da zuma da ayaba da rogo, gari na wayewa ka leƙa sai kaga duk ƙasar ta canza, ciyawa da itatuwa jefi-jefi da ka baro sun ɓace, kurmi ne baƙi ƙirin har bakin layin dogo. A Yawunde na kwana Birketeri unguwar Hausawa, na ci tsiren da ake ta ba da labari, washegari na hau bas a Mvan muka bi ta Edeya inda kogin Sanaga yake, daga nan hanya ta karya kudu tsakanin gonakin kwakwar manja har muka fara hango ruwa ta hannun dama.

Ban taɓa ganin teku ido da ido ba sai ranar. Na san Binuwai, na yi wasa a cikinsa tun ina yaro, amma ruwan da babu ɗaya gaɓar, wallahi sai da na yi shiru na daɗe ina tasbihi. Iskar kuma abin da ba a gaya min ba kenan, ba sanyi ne da ita ba, ɗumi ne mai laima kamar ka buɗe murfin tukunyar dambu ka kara fuskarka, kana zaune ba ka yi komai ba riga ta jiƙe.

Da farko a wani ƙaramin otal na sauka wajen Ngoye dab da rairayi, ɗakin na kallon ruwa, Litinin zuwa Alhamis shiru garin yake sai ƙarar igiyar ruwa da masunta. Amma daga yammacin Juma'a sai motocin Duwala da Yawunde su fara kwararowa, Duwala ma ai kilomita 170 ne ko kusa da haka, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu biki, kiɗa har asuba, kuɗin ɗaki ya tashi, kifin da ka ci jiya a farashi kaza yau an ƙara masa. Ni kuma Asabar ce ranar da kwastomomi suka fi turo saƙo. Ga kuɗi, albashina da naira ake biyana, ita kuwa sefa, kuɗin Kamaru, a ɗaure take da yuro, kullum yuro ɗaya sefa 655 da ɗoriya ba ta motsi, to duk sanda naira ta zame ni ne nake ji a aljihuna ba mai otal ba. Turawan da nake gani da laftof a ƙarƙashin bishiyar kwakwa da yuro ake biyansu, ni da su aikinmu iri ɗaya ne amma ba gari ɗaya muke zaune ba in ka duba da kyau.

A masallacin Juma'a al'amarin ya warware. Bayan an idar na gaisa da wani dattijo mai sayar da yadi da turare, asalinsa mutumin Maruwa ne amma ya ce gashin kansa a Kiribi ya yi fari, da ya ji inda nake kwana da abin da nake biya sai ya riƙe baki yace "ɗana, bakin ruwa ai na baƙon kwana biyu ne, mai zama ciki yake shiga." Nace "Baba ban san kowa ba ne." Yace "yanzu ka sani." Kafin la'asar ya haɗa ni da yaronsa a bensikin, haka suke kiran acaɓa, muka shiga can wajen Dombe inda ba a jin teku ko kaɗan, jar ƙasa da kwata da shagunan caji da injin niƙa, aka samo min ɗaki da ɗan falo a gidan wata mata 'yar ƙabilar Batanga, kuɗin wata bai kai abin da nake kashewa a sati a otal ba.

Maman, haka kowa ke kiranta nima na bi sahu, 'yar coci ce sosai, Faransancina kuma a lokacin bai wuce gaisuwa da ƙirga kuɗi ba, amma ranar farko da ta ga na shimfiɗa dadduma ta ware min tukunya da cokula nawa daban ta nuna min da hannu cewa waɗannan ba a taɓa dafa alade ko naman daji a ciki ba. Ban roƙe ta ba, ita ta san makwabtanta musulmi tun da daɗewa. Har yau in na tuna sai naji wani abu a ƙirjina.

Maganar wuta da netwok kuwa ita ce ainihin labarin. Garin nan fa ba ƙaramin wuri ba ne a lissafin ƙasar. A Mpolongwe arewa da gari akwai tashar wutar lantarki mai aiki da gas, megawat 216, tun 2013 take aiki. Bututun man Chadi da ya taso daga Doba, kilomita 1,070, a nan ya ƙare tun 2003, da dare kana hango fitilun jiragen dakon mai a can cikin ruwa. Wayar intanet ta ƙarƙashin teku da ta haɗa Kamaru da Legas a Kiribi ta fito, haka wata da aka ja har Fortaleza a Barazil a 2018, kusan kilomita 6,000. Duk wannan a gefenka, amma kana tsakiyar miting da shugabarka a Legas sai fanka ta tsaya cak, daga makwabta kaji an ce "delestaj", wato an ɗauke wuta, cikin muryar wanda ya saba, wani lokacin minti talatin wani lokacin har dare, in ruwan sama ya sauko da ƙarfi kuma netwok ɗin ma ya bi wutar. Wannan abu yana min ciwo, ba don kaina kawai ba, ni ina da fawa banki da layi biyu na kamfani daban-daban in ɗaya ya mutu in koma ɗaya, amma matar da ke sayar da ƙanƙara a layinmu da mai firjin kifi fa, su asarar jarinsu ce ɗungurungum, kuma suna kallon arzikin na wucewa ta ƙofar gidansu.

Dole na sake tsarin yinina. Da na idar da asuba sai in zauna kan lissafi, lokacin gari da ɗan sanyi netwok ba cunkoso, duk wani fayil mai nauyi kafin takwas na tura shi. Komai nawa a cike da caji yake kwana. Ranar da akwai babban miting sai in hau bensikin in je wani otal mai janareta in sayi shayi in zauna a lungu, ma'aikatan har sun gane ni suna ajiye min teburin da ke kusa da soket. Aiki a kan rairayi kuwa ku manta da shi, hasken rana ba ya barinka ka ga allon, yashi na shiga tsakanin maɓallai, ga wasu ƙananan ƙwari da ba ka ganinsu sai ƙaiƙayi, kuma iskar gishiri tana cin ƙarfe, bakin cajata sai da ya yi kore, takalmin fata da hulunan da na bari a jaka suka yi furfurar fumfuna. Maman ce ta koya min in riƙa fito da komai in shanya duk ranar da rana ta buɗe, don a garin da ruwan sama ke kai wa kusan milimita 3,000 a shekara, Satumba da Oktoba sai a wuni a kwana ana yi, rana ba abar wasa ba ce.

Inda na fi so a duk garin shi ne Debarkader a Mboa Manga, bakin inda kogin Kienke ya shiga teku, nan jiragen masunta ke sauke kaya, Laraba da Asabar ne ya fi cika. Kwalekwale dogaye na katako da fenti ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, samari na tsalle cikin ruwa har ƙugu suna miƙo kwanduna, mata kuma su ne masu ciniki na gaske, zani ɗaure a ƙugu jakar kuɗi a gaba, murya sama. Za ka zaɓi kifinka da hannunka, ka ɗaga kunnensa ka ga ja ne jawur, a auna a kilo ku yi ta ja, sai ka miƙa wa masu gashi a gefe, su tsattsaga shi su cusa masa wani niƙaƙƙen haɗi na tafarnuwa da citta da wasu 'ya'yan itacen kurmi, a ɗora kan gawayi ana shafa mai da ɗan buroshi, a kawo maka da soyayyar agada ko bobolo, wato rogon da aka jiƙa ya yi tsami aka naɗe a ganye aka dafa, da barkono mai sa hawaye. Warin bobolo da farko ya hana ni, daga baya ni ke tambaya in ba a kawo ba. A gefen wajen akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906 da tsohon cocinsu, suna nan tsaye.

Lobe kuma kilomita bakwai ne kudu da gari, kogi ne da ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, ana shiga kwalekwale a kai ka har inda feshin ruwan ke dukan fuskarka, mata na soya jatan lande a bakin wajen. Ranar aiki na je da safe ba kowa sai masu ɗaga tarkon jatan lande na saƙar gora. Mai tuƙa ni wani saurayi ne Batanga, ya gaya min ruwan nan wajen kakanninsu ne ba wajen hoto kawai ba, ya kuma ba ni labarin yadda yaƙin duniya na farko ya raba mutanensu da garin aka kwashe su can wajen dutsen Kamaru, sai 1916 suka dawo, shi ne bikin Mayi da suke yi duk 9 ga watan Mayu. Ya gargaɗe ni kan wanka, yace ruwan na da ja ta ƙasa, baƙi ne ya fi ɗauka musamman 'yan ƙarshen mako, ni dai iyakata gwiwa.

Shi ne kuma ya fara min maganar ƙasa. Tun da aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a Mboro a 2018, kilomita talatin da wani abu kudu, filaye suka yi tsada, masu kuɗi daga manyan birane sun saye bakin ruwa sun kewaye da katanga, inda ubansa ke jawo jirgi yanzu sai ya zagaya. Yace haya ma ta fi ƙarfin yaran gari, mai gida ya fi son ma'aikacin tasha ko baƙo irina da zai biya wata uku a dunƙule. Bai faɗa da zafi ba amma na ji ta, don ɗakin da nake murnar na samu da araha wani ɗan unguwar ne ba zai iya kama shi ba. Da na kai wa Baba mai yadi maganar da dare muna shan shayi a gaban shagonsa, sai yace haka ne, su ma 'yan arewa masu shaguna da masu tsire da masu shanu suna ji a jikinsu, yace abin da ya rage gare ni shi ne kuɗina ya tsaya a unguwa, in sayi cefane wajen matan layi, in ba yaron makwabta wanki, in daina yi wa masunta ciniki irin na wulaƙanci, in kuma koyi gaisuwa da yarensu. Na bi maganarsa. Da yamma kuma jikar Maman da ƙawayenta 'yan sakandare suna zuwa in nuna musu yadda ake shigar da lissafi a Excel, ɗaya daga cikinsu yanzu ita ke rubuta wa uwarta cinikin kifi a waya, har bayan na dawo tana turo min tambaya ta WhatsApp.

Mai niyyar zuwa ya nufi Disamba zuwa Fabrairu lokacin da ruwa ke ɗagawa, sai dai ya sani ƙarshen Disamba garin cike yake maƙil, ya zo da gidan sauro da maganin zazzaɓi da katin rigakafin shawara don ana tambaya a hanya, ya canza kuɗinsa tun a Garwa, kuma ya yi magana ta gaskiya da wajen aikinsa tun kafin ya taso cewa wata rana zai ɓace awa biyu ba da son ransa ba. Ni shugabata ta yarda ne bisa sharaɗin rahoto ya riƙa isa kafin tara na safe, kuma bai taɓa makara ba. Maman ta ce in zan dawo in sanar da ita da wuri, don akwai wani ma'aikacin tasha da ke ta zuwa tambayar ɗakin.