Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Katsina da Sabon Zancen Digiri

Duk lokacin da na bi hanyar Dutsin-Ma na wuce ƙofar Kwalejin Ilimi ta Tarayya, sai tsohuwar Kwalejin Katsina ta faɗo mini a rai, wadda aka buɗe a 1922 domin horar da malamai, wadda kuma ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Horar da malamai gadonmu ne a garin nan.

Babban sauyin da ake ciki yanzu ya samo asali ne daga dokar 2023, wadda ta bai wa kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digirin koyarwa da kansu, tare da takardar shaidar malanta ta NCE ta shekara uku, maimakon jingina da wata jami'a. A ganina wannan gyara ya daɗe da cancanta, domin ɗalibai da yawa sun ɗauki kwalejin ilimi a matsayin mafakar wanda jami'a ta ƙi, kuma wannan kallon ya rage wa aikin malanta kima. Ƙanwata, wadda ke karantar Hausa da Turanci a can, ta ce mini zancen digirin ya ƙara wa 'yan ajinsu ƙwarin gwiwa.

Gine-ginen da TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, ya yi a kwalejin kuwa kowa yana ganinsu. Abin da na fi so a ƙarfafa shi ne gwajin koyarwa, inda ake tura ɗalibi makarantar firamare ya tsaya gaban aji mai cunkoso, malaminsa yana biyo shi da takardar duba aiki.