Wasiƙa daga Jamus: yadda na yi cinikin Marsandi mai shekara arba'in da ɗoriya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu karatu. Ina fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ayyuka? Mu nan sanyi ya fara shigowa, kuma a wannan lokacin ne masu tsofaffin motoci suke kulle su a gareji, saboda gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara ba abin da yake ci kamar ƙarfe. A ganina lokacin ne ya fi dacewa mai son saye ya fito, don masu tayi sun ragu, mai sayarwa kuma ya fara lissafin kuɗin ajiya har bazara.

Motar da ta daɗe tana raina ita ce Marsandi samfurin W123, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1986, har aka fitar da kusan miliyan 2.7. Yawan nan nata ya kamata mai saye ya riƙe a zuciya, domin duk wanda ya ce maka in ka bar tasa ba za ka sake samun irinta ba, zance yake so. Za ka samu. Mai lafiyar jiki ce dai take wuyar samu.

A nan tun 1997 aka fito da lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, ga motar da ta cika shekara 30 da rajistar farko, in dai tana nan kusan yadda aka ƙera ta kuma an kula da ita. Masu kimanta irin waɗannan motoci kuma suna ba su daraja daga 1 zuwa 5: ta ɗaya kamar yau ta fito daga kamfani, ta biyar sai an sake ta daga tushe. Tsakanin kowace daraja da mai bi mata akwai tazarar kuɗi mai yawa. Abin da na lura, kusan kowa yana tallar motarsa a matsayin ta biyu, in ka je ka tarar da ta uku ce da aka wanke da kyau. To a nan cinikin gaske yake. Kafin a zo ga maganar nawa, sai an daidaita a kan wane mataki motar take.

Karon farko na yi wauta. Mutum ya faɗi kuɗinsa, ni kuwa ko durƙusawa ban yi na leƙa ƙarƙashinta ba, na taya rabi, ina jiran ya ce albarka mu fara ja-in-ja. Ya dube ni, ya ja ƙofar garejinsa, ya ce in gaida gida. Daga baya na gane laifina. Mai irin wannan mota ba neman rabuwa da kaya yake ba kamar dillali. Shekara da shekaru yana goge ta ranar hutu, tayin wulaƙanci kuwa a kunnensa zagi ne.

Sai na koma na yi aikin da ya kamata in fara da shi. Na daina kallon kuɗin da ake rubutawa a talla, don wannan buri ne kawai na mai kaya, wata motar ma ta shekara tana nan ba wanda ya taya. Na nemi sakamakon gwanjo, inda ake ganin abin da aka biya da gaske, na ware masu inji iri ɗaya da shekaru kusa da juna. Daga nan na rubuta iyakata a takarda na sa a aljihu, don na san halina, so hana ganin laifi.

Mota ta biyu da na je gani 240D ce, wato wani nau'in W123 ɗin, ta 1982, mai shan dizal, a hannun wani dattijo da ya yi ritaya. A waya ya so in tura wani abu kafin alƙalami, na ce a yi haƙuri, ba a cinikin biri a sama. Na kuma roƙe shi kada ya tayar da ita kafin in iso. Da na je, abin da na fara yi shi ne ɗora hannu a kan injin, na ji shi sanyi ƙalau. Inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Ta tashi ba gardama, hayaƙin farko ya wuce, ban ga shuɗin hayaƙin da ke nuna tana ƙona baƙin mai ba. Na buɗe murfin man, babu farin kumfan nan mai kama da madara da ke nuna ruwa ya haɗu da mai.

Amma a wannan samfurin ba inji ne abin tsoro ba, injin yakan riga jiki daɗewa. Tsatsa ce. Na shimfiɗa kwali na kwanta da tocila. Ramukan da ake soka jak a gefe, bakin tayoyin baya, ƙarƙashin batir, duk na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga dardumar ƙafar direba, na ji damshi. Na nannaɗe ɗan maganaɗisu da ƙyalle na riƙa bin ƙasan ƙofofi da shi: inda ƙarfe yake ya kama, a bakin tayar baya ta hagu kuwa ya sulale ya faɗi. An cike wurin da ƙullin gyaran jiki an bi da fenti, kyan ɗan maciji ke nan. Dattijon yana tsaye yana kallona, bai ce uffan ba.

Shi ma yana da nasa makamin, kuma mai ƙarfi. Ya kawo wata jaka cike da rasit, tun na mai ita na farko, kowane da kwanan wata da adadin kilomita, suna hawa a jere ba tsallake. Ga katin bayanan kamfani mai nuna lambar inji da launin da ta fito da shi, duka sun dace da abin da ke gabana. Wannan ya ƙara mata daraja, kuma na faɗa masa haka ƙarara. Ban ga amfanin kushe abin da idona ya ga yana da kyau ba.

Ban taya a ranar ba. Na ɗauki hotunan wuraren, na kai wa mai walda ya rubuta mini abin da aikin zai ci. Bayan kwana uku na dawo da takardar, na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin da ka sa na mota mai daraja ta biyu ne, kuma da jikinta ya kai takardunta da ban rage ko kaɗan ba. Ga abin da zai mayar da ita can." Na cire wannan adadin daga kuɗinsa, na faɗi abin da ya saura, na ja bakina na yi shiru. Shirun nan ya fi komai wuya, harshe yana ta ƙaiƙayin ya ƙara wani abu.

Ya ce ai tayoyin sababbi ne, in dubi zanensu. Na durƙusa na nuna masa lambobi huɗun da ke gefen tayar, 1412, wato mako na 14 na shekarar 2012. Zane yana nan, roba kuwa ta bushe har ta fara tsagewa. Ya sa tabarau ya duba, ya yi dariya, ya ce shi kam jiya-jiya yake ganin ya saye su. Ni ma na sassauta inda ya kamata. Kujerar direba ta ɗan lotsa, fentin rufin ya dusashe, ban sa su a lissafi ba, don wanda ke son tsohuwar mota bai kamata ya nemi a biya shi kuɗin tsufanta ba.

Bai yarda da duka ragin ba. Ya ɗauki kashi biyu cikin uku na kuɗin waldar, ya haɗa mini da akwati biyu na kayan gyara da ya tara, har da fitilun baya na asali a kwalinsu. Na leƙa takardar aljihuna, muna ƙasa da iyakar, na ce na saya, ya ce ya sallama. Muka rubuta yarjejeniya da lambar jikin motar da duk lahanin da muka gani, kowa ya sa hannu. Da zan tafi ya roƙi in turo masa hotonta in an gama aiki.

Hoton dai har yau ban tura ba. Da mai walda ya yanke bakin tayar, sai ya tarar da wani ramin a bayansa wanda maganaɗisuna bai kai gare shi ba, motar tana can a ɗage tana jiran guntun ƙarfe.

A gaida kowa da kowa.

Naku, daga Jamus.